Ranar da Hannuna na Hagu Ya Kusa Rufe Mana Aji

Ni ba mai riƙe abu a zuciya ba ce. Idan muka yi faɗa da ke da safe, kafin la'asar na manta, ko gishiri kika aiko nema zan ba ki. Amma akwai wata ranar Lahadi da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce aka tara dattawan garinmu a ƙofar gidan mai gari don a yanke hukunci a kan ajinmu na yaƙi da jahilci, ko a bar shi ko a rufe, ni kuma aka ce in yi magana da yawun mata.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a wajen Gwangwan ta ƙasar Rogo, aure ne ya kawo ni ɓangaren Turawa a ƙasar Karaye. Na kusa shekara talatin a nan, amma har gobe 'yar Rogo ake ce mini, musamman idan na faɗi abin da bai yi wa mutane daɗi ba. Kuma ina faɗa ɗin. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, hannuwana sun saba da matsar tunkuza, sai suka zama irin hannuwan da ba sa iya zama shiru. Idan ina magana tare muke yi da su. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko daga bayan katanga aka hango inuwata an san ko hira nake ko rigima.

Na haura arba'in, har da jika ɗaya, aka buɗe mana aji a makarantar firamaren garin. Idan yara sun tashi mu shiga, daga bayan azahar zuwa la'asar, kwana uku a mako. Malamarmu daga cikin Karaye take zuwa a kan acaɓa, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, amma Allah ya ba ta haƙuri. Mu zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu na dukan tebur, mu riƙe fensir kamar muciya. Da sannu dai har na iya rubuta sunana, na iya karanta katin asibiti, na iya haɗa wasiƙa ko da layukan suna gangarawa kamar hanyar rafi.

A shekara ta biyu, bayan an gama cirar gyaɗa, magana ta fara tashi a majalisun maza. Wai tun da matan nan suka shiga aji idonsu ya buɗe. Wai mace yanzu sai ta tsaya ƙerere tana kallon mijinta ido cikin ido. Wai tuwon dare na makara. Wanda ya fi kowa ɗaukar abin da zafi shi ne yayan maigidana, wanda duk gidan muke kira Yaya. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, amma ni da shi tun ina amarya jininmu bai haɗu ba. Duk inda ya zauna da ni yake misali. "Ku dubi 'yar Rogon gidanmu. Da ma yaya lafiyar kura, balle ta yi hauka." Maigidana kuwa mutum ne mai gudun fitina. Ya ce mini, "Ni ban hana ki ba. Amma idan gari ya hana, ba zan ja da gari ba."

Mai gari ya ce ba zai yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya ba, mata su fito da mutum biyu su faɗi nasu. A aji aka zaɓi wata maƙwabciyata mai sanyin hali, irin matan da ko kaza ba sa iya kora da ƙarfi, aka kuma zaɓe ni. Na san dalili. An zaɓe ta don kada a ce ba mu da kunya, an zaɓe ni don kada a ce ba mu da baki.

Kwana huɗu na yi ina rubuta jawabina. Malama ta gyara mini, na sake kwafewa a takarda mai tsabta. Wallahi babu kalmar rashin ladabi ko ɗaya a ciki. Daga "iyayenmu masu daraja" sai "muna roƙon alfarma" sai "Allah ya ƙara girma". Sannan Malama ta tsayar da ni a gaban allo tana koya mini yadda aka koya musu a kwas ɗin horar da malamai. Ta ce, "Mama, ki tsaya a miƙe. Ki ɗaga kai. Ki riƙa kallon idon masu sauraro, don su san kin yarda da abin da kike faɗa. Kuma ki yi amfani da hannu." Na ce mata, "Malama, in dai hannu ne, wannan ba sai an koya mini ba." Duk aji aka yi dariya. Da na san abin da ke gaba da ban yi ba.

Ana gobe taro, ƙanwar mahaifin maigidana, tsohuwar da muke kira Gwaggo, ta same ni a tsakar gida ina gwaji, ina karanta wa turmi da akuya jawabina. Ta tsaya ta dogara sandarta tana kallona har na kai ƙarshe. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, da wa kike faɗa?"

Na ce, "Faɗa kuma, Gwaggo? Roƙo nake yi. Ba ki ji ba?"

Ta ce, "Kunnena ya mutu, ban ji komai ba. Amma idona na nan. Abin da na gani, mace ce ta zo karɓar sakinta." Ta ce idan ina son a saurare ni in durƙusa, in ja mayafi in rufe fuska, in yi magana ƙasa-ƙasa kamar yadda suka yi a zamaninsu. Na ce to, don a zauna lafiya. A raina kuwa cewa nake, tsohuwa me ta sani game da jawabi? Ai ni mai karatu ce yanzu. Wannan girman kan ɗalibin da ya fara gane baƙi, Allah ya raba mu da shi.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a inuwar durumin ƙofar gidan mai gari. Mai gari na kan kujerarsa, liman a damansa, masu unguwanni da dattawa sun yi da'ira, sauran maza sun tsaya a baya. Mu mata aka ba mu gefen zaure. Liman ya buɗe da addu'a. Yaya ya fara daga zaune, ya daɗe yana jero laifuffukanmu yana jan carbi, a natse, ko muryarsa bai ɗaga ba. Na lura duk lokacin da ya ɗan yi shiru sai kawuna su gyaɗa. A lokacin ban gane cewa rabin nasararsa a zamansa take ba.

Aka kira maƙwabciyata. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa, ta ja mayafi har haɓa, kanta a ƙasa, daidai yadda Gwaggo take so. Ta fara magana. Ni da nake kusa da ita ma da ƙyar nake tsintar kalma ɗaya cikin uku. Wani dattijo ya ce, "Me ta ce?" Wani ya ce, "Oho." Biyu suka shiga hirar farashin taki. Ta gama babu wanda ya san ta gama, sai da ta miƙe. Mai gari ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," irin albarkar da ake sa wa yaron da ya kawo saƙon da ba a gane ba. Raina ya ɓaci. Na ce lallai Malama ce ke da gaskiya, bari su ga yadda ake yi.

Na cire takalmina, na durƙusa na yi gaisuwa yadda ya kamata, wannan kam ban kuskure ba. Mai gari ya amsa, liman ya amsa. Sai na miƙe tsam, na tsaya a tsakiyar da'irar dattawa, su a zaune ni a kansu. Tun daga nan na ji wurin ya yi wani irin tsit, amma na ɗauka kwarjini ne. Na riƙe takardata da hannun dama, don takarda ce mai daraja a wurina, ba zan riƙe ta da hagu ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, hannun da ya rage ba shi da aiki shi ne na hagun.

Na fara karantawa. "Iyayenmu masu daraja." Na ɗaga kai na zuba wa mai gari ido kamar yadda aka koya mini. Ya kawar da nasa. Na juya kan liman, shi ma ya sunkuya yana duban carbinsa. Na ci gaba. Daga baya matan suka ba ni labarin abin da jikina yake yi a lokacin, don ni ban sani ba. Wai hannun hagun ya fara sauka a ƙuguna. Wai ƙafata tana karkaɗawa. Wai wuyana yana tafiya dama da hagu kamar ina yi wa mai awo ciniki. Da na zo daidai inda na rubuta "muna roƙon waɗanda suke ganin laifinmu su yi mana afuwa", sai hannun ya tashi daga ƙugu, yatsa ya miƙe, ya nuna Yaya. Da hagu. A gaban mai gari da liman da duk gari.

Salati ya tashi. Wani ya yi tsaki. Wani mai unguwa ya kama gemunsa. Yaya kuwa sai ya buɗe tafin hannayensa ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan ɗaga kafaɗa. Wani daga baya ya fassara masa da ƙarfi: "To ga shi nan dai! Abin da ake faɗa ke nan. Karatun ke nan!"

Na tsaya ban gane ba. Na duba takardata, ko na karanta wani abu ba daidai ba. Babu. Na ɗago na ga mai gari ba fuskata yake kallo ba, wani abu yake kallo a gefena. Na bi idonsa. Sai ga hannuna a sama, yatsa a miƙe, kamar na wata ne aka ɗaura mini.

Jama'a, na sha shiga tashin hankali a rayuwa, amma irin sanyin da ya ratsa ni a lokacin ban taɓa ji ba. Na waiga gefen zaure. Mata kusan talatin, wasu sun rufe baki da mayafi, Malama ta dafe kai. Akwai wadda saura kaɗan ta iya rubuta sunanta. Akwai wadda mijinta ya ce in dai mai gari ya bari zai bar ta ta shiga. Duk na kwashe na zubar da yatsa ɗaya. Na ga maigidana can baya ya juya yana kallon bango.

Zuciyata ta ce in ci gaba, in ɗaga murya in fi su. Hali zanen dutse. Amma ƙafafuna suka fi zuciyata hankali a ranar. Ban san lokacin da na sauka ba. Na durƙusa a kan gwiwoyina, na naɗe takardar nan da na yi kwana huɗu ina rubutawa, na ajiye a bakin tabarma da hannu biyu. Na yi shiru. Ban yi shirun don dabara ba, numfashina ne ya ƙi daidaita. Amma shirun ya yi aiki. Surutun ya riƙa raguwa har na fara jin kukan kurciya a kan durumi.

Na juyar da jikina daga wajen Yaya, na fuskanci mai gari. Ban rufe fuska ba, ban kuma tanƙwashe baya ba. Na zauna a kan dugadugaina a miƙe, na ɗora hannuwana biyu a kan cinya, tafinsu a buɗe yana kallon sama, inda kowa zai gan su ni ma in gan su. Idona a kan tabarmar da ke gaban ƙafar mai gari. Muryar kuwa na bar ta yadda Allah ya yi ta, don ba ni da wata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi. Yaya, ka yafe mini. Wannan hannun tun daga Rogo na zo da shi, ba a aji aka ba ni ba. Tambayi Yaya, shekara talatin yana fama da shi, ajin kuwa bai cika biyu ba."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Liman ya ɗan ɗago kai.

Sai na faɗi abin da ba ya cikin takarda, abin da ko maigidana ban taɓa gaya masa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, an ce karatu yana cire wa mace kunya. Bari in faɗi abin da rashinsa ya yi mini. 'Yata da ke aure a Rogo, a cikinta na fari, wata lalura ta same ta irin ta mata. Gidan da take cike yake da surukai, ba ta da inda za ta tsaya ta kira ni ta faɗa da baki. Sai ta rubuto mini a waya. Na ji wayar ta yi ƙara, na ga baƙaƙe, ban san ko gaisuwa ce ko mutuwa ba. Yaran gidan duk suna gona. Na ɗauki wayar na kai wa mai cajin waya a bakin kasuwa. Ya karanta mini da ƙarfi, maza huɗu na zaune a benci. Ya kai tsakiya ya gane abin da yake karantawa, ya yi shiru, amma an riga an ji. Sirrin 'yata, wanda ko ubanta bai kamata ya ji ba."

A nan hawaye suka zubo mini. Ban share ido ba, don na ji tsoron ɗaga hannun.

Na ce, "Daga ranar na yi alkawari babu namijin da zai sake karanta mini saƙon 'yata. Yanzu ni nake karantawa, a ɗakina, in rufe ƙofa. Duk wanda ke zaune a nan yana da 'ya a gidan wani. Idan ta rubuto wa uwarta, wa kuke so ya karanta?"

Sai a nan na ɗago ido, sau ɗaya tak. Na dubi mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, a hukunta ni. A bar musu ajin." Na mayar da idona ƙasa.

Ni dai ina kallon saƙar tabarma, ina ƙirga zaren kaba. Can liman ya yi gyaran murya ya ce suturta al'aurar iyali wajibi ne, kuma neman sani bai ware mace ba. Wani dattijo da 'ya'yansa mata uku ke aure a nesa ya ce shi dai maganar wayar nan ta taɓa shi. Mai gari ya juya wajen Yaya ya ce, "Malam, kai ka kawo ƙara. Me ka gani?"

Yaya ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar da take magana a kai 'yata ce, ni na ɗaura mata aure. Ban san an yi haka ba." Ya ajiye carbin. "A bar su. Amma a tashe su kafin kiran la'asar. Kuma Malama ta ƙara musu darasi ɗaya, na inda ake ajiye hannu."

Aka kwashe da dariya, har mai gari. Ya ce haka za a yi, liman ya shafa fatiha.

Wani nauyi ya sauka daga kaina, kamar na sauke buhun gyaɗa bayan doguwar tafiya. Na yunƙura zan tashi in yi godiya in koma cikin mata, sai ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Sun mutu murus. Ni da ban saba dogon durƙuso ba, ga jiki ba kaɗan ba. Na sake yunƙurawa na koma. Maza suna ta watsewa, ni ina nan a tsakiyar tabarma. Wani mai unguwa da zai wuce ya ce, "Kai, 'yar Rogo an yi laushi, an gama taro ma ba ta tashi ba!" Na ce masa a hankali, "Baba, ba ladabi ba ne, ƙafa ce." Sai da mata biyu suka zo suka kama ni ta hammata suka ɗaga, muna tafe muna dariya, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne.

A zaure Malama ta rungume ni tana ba ni haƙuri, wai ita ta sa ni. Na ce ba laifinta ba ne. Abin da aka koya mata gaskiya ne a inda aka koya mata, a ɗakin taro mai kujeru da lasifika. Ba a gaya mata cewa a ƙofar mai gari, wanda ya tsaya a kan dattijai yana kallon ƙwayar idonsu ya gama zaginsu kafin ya buɗe baki ba. Ajin nan yana nan har yanzu. Wasu da muka fara tare sun kai ga rubuta jarrabawa a Karaye, ni ma na samu takardar shaidata, tana cikin adaka.

Yanzu idan za a yi taron mata, ko na asibiti ko na iyayen yara, sau da yawa ni ake turawa gaba. Ban zama mai sanyi ba, kada wani ya yi mini ƙarya. Amma kafin in ce komai sai na duba wurin, in ga su wa ke zaune, a kan me suke zaune, sannan in san ko tsayuwa zan yi ko zama, da inda zan kai idona. Na gane cewa mutane da ido suke fara sauraro, kunne daga baya yake zuwa. Wadda ta ɓoye kanta gaba ɗaya ba za a ji ta ba, wadda ta tsaya a kan mutane ba za a so a ji ta ba. Idan bakinki yana roƙo jikinki yana faɗa, jikin za a gaskata, kuma shi za a ba amsa. Don haka duk mai gaskiyar da take so a karɓa, kada ta tsaya a gyaran kalmomi kawai. Ta tambayi wanda ya gan ta daga nesa, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, me ya ga tana cewa.